Mai Basilla da Shafin da Akawu Ya Tsaya

Ina shanya a bayan gida ranar Talatar nan matar tela ta leƙo ta saman katanga. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Maman yara, kin ji Mai Basilla zai rufe?"

Na ce, "Ya rufe me?"

"Rumfar mana. Ƙarshen watan nan. Ido ne. Maigidana ya ce mako uku ke nan kullum da safe sai ya shigo masa shago da allurai biyar a tafin hannu, a zura masa zare. Da farko wai cewa yake zaren yanzu ne ba shi da kyau."

Jiƙaƙƙen zane ne a hannuna, ban san sanda na sake shi a ƙasa ba. Na kife bokiti na zauna. Wata goma sha takwas da rasuwar maigidana, na ɗauka hawayen sun ƙare, ashe da saura a gindin tulu. Shi ya sa na ɗauki biro. Karatuna bai wuce aji huɗu ba, in kun ga gargada ku yi haƙuri. Mutumin yana raye, gara a gode masa yana ji.

Ga wanda bai san shi ba, mai ɗinkin littattafai ne. Rumfarsa tana ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene, tsakanin shagon tela da na mai gyaran agogo. In ya miƙa hannuwansa biyu yana taɓa bango da bango. Shekara arba'in da ɗaya yana riga masu shaguna isowa, ya share gabansa da gaban maƙwabta, sannan ya jera kayan aikinsa a kan buhu: basilla, allurai, zaren da yake ja ta cikin kakin zuma don kada ya ruɓe, gwangwanin gam, wata wuƙa da wasawa ta cinye har ta koma siririya kamar ganyen ciyawa, da katakai biyu masu noti waɗanda yake matse littafi a tsakaninsu ya kwana. In ya gama jerawa sai ya zauna ya hau karatu.

Nan ne masu gaggawa suke faɗa da shi. Mai Basilla ba ya soka allura a littafi sai ya karanta shi daga fari har ƙarshe, ko na lissafin 'yan firamare ne. In ka matsa masa sai ya ce, "Likita yana ɗinke ciki bai duba abin da ke ciki ba? Ka dawo jibi." In ya tarar shafi ya ɓace, ba ya haɗe bakin littafin kamar ba abin da ya faru. Farar takarda yake sakawa a gurbin, ya rubuta lambar shafin da fensir a kusurwa. Ranar da irin littafin ya sake ratsa hannunsa, ko bayan shekara nawa ne, sai ya kwafe shafin ya aika a kira mai shi. Wani direban babbar mota ya taɓa kawo masa littafi ɗaya tilo da mahaifiyarsa ta bari. Bayan shekara bakwai aka aika masa ya zo da littafin, an sami shafi na sittin da biyu. Direban da bakinsa ya gaya wa maigidana cewa shi har ya manta akwai gurbin.

Shugabar makarantar unguwarmu ma tana da nata labarin. Shekarar da rufin ɗakin ajiyarsu ya yi yoyo, littattafai kusan ɗari biyu suka sha ruwa, har an tara su za a zubar. Ya je da baro ya kwashe. Ya ɗaura igiyoyi a tsakar gidan tela, ya shanya su ganye-ganye kamar kayan jarirai. Kafin yara su dawo hutu ya mayar da su duka ban da guda shida, kuma ta ce sai haƙuri yake ba ta a kan shidan nan, kai ka ce shi ya saukar da ruwan.

Maigidana akawu ne a ofis, kuma Akawu kowa ke kiransa har bayan ya yi ritaya. Shi da Mai Basilla tun suna samari suke tare. Babu littafi a ɗakinmu da bai bi ta rumfar nan ba. Sai ciwon suga ya fara cin idon Akawu. Aka canza tabarau sau uku. Aka sayo gilashin nan mai mariƙi da ke ƙara girman rubutu, ya ce kansa yake sa wa ciwo. Daga baya sai ya zauna a ƙofar ɗaki da jarida a naɗe a kan gwiwa, bai buɗe ba, bai kuma yarda a ɗauke ba. Shekara biyu muna haka. Mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba ya koma faɗa a kan cokali.

'Yarmu ta fari, wadda ke aikin jinya a wani gari mai nisa, ita ta zo masa da na'urar karatu. Ba waya ba ce, ba a kira da ita. 'Yar sirara ce, faɗinta bai fi tafin hannu biyu ba, littattafai da jaridu kawai ake karantawa a ciki.

Ba zan ci amanar na'urar nan ba, ta yi mana rana. Da yatsu biyu yake buɗa rubutun ya ƙara girma, har kalma biyar su cika fuskarta kamar allon shago. Tana da haskenta mai laushi, ba sai ya bi taga ba. Ba ta da nauyi, hannunsa mai rawa yana iya riƙe ta. Jarida kuwa kafin ruwan shayi ya tafasa ta iso, ko ana ruwan sama. Ranar farko ya daɗe yana kallo, sai ya ɗago ya ce mini, "Ke, ashe mutanen nan har yanzu ba su gama gadar nan ba?" Ya yi dariya. Ni kuma na shige ɗakin girki na yi kukana, don na manta yadda dariyarsa take.

Amma da wani abu ta zo, da wani ta tafi. Jaridar takarda raba ta ake yi. Shi ya ɗauki shafukan gaba, ni in ɗauki na tsakiya masu hotuna da sanarwa, maƙwabta biyu ko uku suna zaune a benci suna jiran a miƙo musu, ana musu ana shan shayi. In ta kwana uku sai in shimfiɗa ta a kantar kwanuka. Ita na'ura ta mutum ɗaya ce. Maƙwabta suka zo sau biyu, suka zauna suna kallon ƙeyarta, ba su ƙara dawowa ba. Benci ya koma wurin shanya takalma.

Mai Basilla kaɗai bai daina zuwa ba, shi ma don tsokana. Faranti yake kiranta.

"Akawu, ba ni aron littafi ɗaya daga farantin nan naka."

"Ba a cirewa."

"Ka ce ɗari uku ne a ciki."

"Har da goma sha biyu."

"To littafin da ba ka iya ba abokinka aro, naka ne ko haya kake?"

"Kai kuma littafin da ba na iya gani, nawa ne ko na gara?"

"Shi ke nan. In ya faɗi ya fashe ka kawo in ɗinke maka."

"Baƙin ciki kake, tsoho, an kashe maka kasuwa."

"Kasuwata? Muddin akwai yara da ɓeraye da damina, ni da aiki sai dai in gaji."

Haka suke yi sai shayi ya huce. Ba wanda ya taɓa kayar da wani.

Da idonsa ya dawo masa ta wannan hanya, Akawu ya ɗauki wata ɗabi'a. Kullum bayan la'asar sai ya ce, "Zo mu ga mutanenmu." In ɗauko abin da nake yi in zauna, ya karanta mini da ƙarfi. Na ƙarshen wani dogon labari ne, na wata mata da ta ɗora keken ɗinkinta a ka ta bar gida, tana neman ƙanenta da ya tafi aikin hanyar jirgin ƙasa ya daina aiko da wasiƙa. Gari-gari take bi, tana ɗinki tana ci, tana tambaya. Wata biyu muna binta. Ranar wata Alhamis muka kai inda ruwa ya tsare ta a ƙarƙashin gada, wani tsoho mai sayar da igiya ya ce mata kamar ya san mai irin tabon da take faɗa. Akawu ya kashe na'urar ya ce, "Idona ya gaji. Gobe ma ji."

Juma'a da safe ya faɗi a ƙofar banɗaki. Lahadi Allah ya karɓi abinsa.

Sai da 'yan gaisuwa suka watse, gida ya yi shiru, na ɗauko na'urar daga ƙarƙashin matashinsa. Na danna. Wasu 'yan akwatuna huɗu suka fito suna neman lambar sirri. Ya sa ta ne saboda jikoki, suna ɓata masa inda ya tsaya. Bai faɗa mini ba, ni ma ban tambaya ba, wa yake tambayar mai rai irin wannan? Na gwada shekarar haihuwarsa. Na gwada ta aurenmu. 'Yarmu ta gwada lambar tsohon babur ɗinsa. Muka kai wa mai gyaran waya a bakin kasuwa, ya jujjuya ta ya ce, "Mama, buɗewa ba wuya, amma sai an goge komai. Littattafan da sunan Baba aka saye su, kuma mabuɗin yana wurinsa. Za ta dawo miki kamar sabuwa."

Ni ba sabuwa nake so ba. Shafin da ya tsaya yana ciki. Girman rubutun da ya zaɓa da yatsunsa yana ciki. Na karɓi abata na dawo gida, duk mako ina sa ta a caji don kada ta mutu.

Abin da ya fi ci mini rai, ban san sunan littafin ba. Za ku ce wauta ce, wata biyu ana karanta miki abu ba ki san sunansa ba. To na'ura ba ta da bango. Da na takarda ne, da na ɗauke shi daga kan tebur sau ɗari ina shara, da na san launinsa, da na haddace sunan ko ban yi niyya ba. Ni ƙeyar na'ura kawai na gani, toka-toka, iri ɗaya ko me ake karantawa. 'Yarmu ta bincika a wayarta har ta gaji. Matar nan ta zauna mini a ƙarƙashin gada, ruwa bai ɗauke ba, ni ma na zauna tare da ita.

Ba roƙo ya kai ni rumfar Mai Basilla ba. Lemarsa ya manta a gidanmu ranar gaisuwa, na kai masa. Ya tambayi yara, ya tambayi jikoki, sannan ya ce, "Farantin fa?" Na faɗa masa. Na jira ya ce ai dama ya faɗa. Bai ce ba. Ya soke allurarsa a jikin buhu, ya turo mini 'yar kujera da ƙafa.

"Ba ni labarin, matar Akawu."

"Daga ina?"

"Daga inda kika tuna."

Na fara, ina yi ina komawa baya, ina haɗa garuruwa. Ya rufe ido yana saurare. Can ya ɗaga hannu.

"Keken na hannu ne, ba na ƙafa ba?"

"Na hannu ne."

"Ƙanen kuma tabon a gira yake, ta hagu."

Na gyaɗa kai.

"Ya ratsa hannuna sau biyu. Bangonsa kore ne. An daina buga shi a takarda tun kafin ki aurar da 'yarki. Je ki gida."

Sauran ba daga bakinsa na ji ba, mai gyaran agogo ne ya ba ni labari. Wata biyar duk Asabar yana rufe rumfa, mutumin da ko zazzaɓi bai taɓa sa shi rufewa ba. Ya bi masu baza tsofaffin littattafai a gefen titi. Ya shiga ɗakunan ajiyar makarantu yana tari cikin ƙura. Har wurin masu sayen takarda don ƙunshe kaya ya je, yana zazzage musu buhuna. Ya samo guda uku, duk gawa: ɗaya ba kai, ɗaya ba ƙarshe, ɗaya ruwa ya manne shi. Ya warware su, ya ɗauki na nan ya cike na can. Ganye ɗaya ne babu shi a biyun farko, a na ukun kuma ya dafe har sai an ɗaga shi a rana ake ganin rubutun. Wannan ya kwafe da hannunsa, gaba da baya.

Wata safiya ya yi sallama a ƙofar gida, ya ƙi shigowa. Ya miƙo mini littafi da bangon shuɗin yadi, daga guntayen shagon tela. Wani jan zare yana leƙowa daga tsakiya.

"Nan Akawu ya tsaya, in kin faɗa mini daidai."

Na buɗe. Na daɗe ina haɗa baƙaƙe kafin na gane kalmar gada. Na ce, "Malam, ka faɗa mini kawai. Ta same shi?"

"Ki karanta."

"Ka san karatuna."

"Na sani. Ina za ki?"

Mai Basilla, kai ne ka ji labari a bakin tsohuwa mai kuka ka gane shi kamar yadda ake gane ɗan uwa daga tafiyarsa. Kai ne ka yi gaskiya a musunka da Akawu, ranar da gaskiyar ta fito kuma ka haɗiye ta. Mai cike gurbi, ba ka taɓa rufe littafi a kan rashi ba, ni ma ba ka bar ni a kan nawa ba.

Akwai abin da ban gane ba sai ranar Talatar nan, ina zaune a kan bokiti. Ganyen da ya kwafa da hannu, layin farko a miƙe yake kamar na inji. Daga tsakiya sai layukan suka fara gangarowa, baƙaƙe suna hawa kan juna, a bayan ganyen har wani layi ya fita daga takarda. Na ɗauka biron ne. Ashe ragowar idonsa yake ƙarar mini, yana ɗaga dafaffiyar takarda a rana.

Washegari na cire na'urar daga caji na tafi bakin kasuwa. Mai gyaran waya ya gane ni.

"Mama, an tuna lambar?"

"Goge ta."

"Kin tabbata? In ya tafi ba ya dawowa."

Na karɓa na sake danna ta, na kalli akwatunan nan huɗu. Bayansu Akawu yake, ranar Alhamis, idonsa ya gaji. Na miƙa masa. Ko minti goma bai yi ba. 'Yarmu ta yi masa bayani ta waya, ya zuba littattafai da jaridar safe.

Na tarar da Mai Basilla yana ɗaure kayansa a kwali, yana lalubar bakin igiya. Na ajiye masa a kan gwiwa. Ya shafa ta.

"Farantin Akawu."

"Naka ne."

"An buɗe?"

"An goge."

Ya sake shafa ta. Shi kaɗai a duniya ya san abin da na goge. Can ya ce, "Shafin fa?"

"Ka ba ni shi a takarda."

Na nuna masa yadda Akawu yake yi da yatsu biyu. Yatsunsa duk kanta, sai a karo na uku ta amsa. Rubutun ya buɗe, ya ƙara buɗewa. Ya kai ta dab da hanci, sannan a hankali ya janye ta baya, ya ƙara janyewa. Na ga leɓensa yana motsi. Ya karanta layi ɗaya da ƙarfi, kan farashin taki ne ma. Ya share ido da hannun riga.

"Allah ya jiƙan Akawu. Ya yi gaskiya shi ma, ɗan rigima." Ya leƙa ta gefen shagon maƙwabcinsa ya rage murya. "Kada ki faɗa wa tela na ce haka."

Na ce, "Sharaɗi ɗaya. Kada ka sa mata lamba."

"Ni da ko rumfa da igiya nake ɗaurewa?"

Na gode, Mai Basilla. Allah ya saka maka, ya bar maka hasken da ya rage, ya sa yadda ka rufa wa littattafan mutane asiri a rufa maka naka.

Ku kuma masu karanta wannan, ban ce ku jefar da na'urorinku ba. Ta mayar wa mijina da shekara uku na karatu, yanzu tana mayar wa abokinsa. Amma ku faɗa wa na kusa da ku lambar. In kuna karanta wa wani, ku faɗi sunan littafin da baki. Wanda yake da yagaggen littafi a gida, ko babu, ya bi ta ƙarƙashin matakalar nan kafin ƙarshen wata ya gaishe shi. Ya ce duk mai son koyon ɗinkin, namiji ko mace, ya same shi a gida, hannunsa bai manta ba ko da ido ya tafi. Kada a bar basillar nan ta yi tsatsa. In ma ba ɗinki za ku koya ba, ku koyi duba abu kafin ku ɗinke shi.

Ni dai kullum bayan la'asar ina ɗauko shuɗin littafin. Da ƙarfi nake karantawa, da yatsa a ƙarƙashin layi, don ban taɓa jin labarin nan a zuci ba. In na gama sai in matsar da jan zaren. Matar ta bar gada tun tuni, ta yi nisa, ba zan faɗa muku inda take ba. Saura shafi goma sha tara. A da shafi guda nake yi a rana. Tun makon jiya na koma rabi.